Wa ya kayar da wanda bai zo fage ba?

A ƙasar Ƙonni da ƙasar Adar akwai wata magana da ake yawan faɗi idan hira ta biyo ta kan kokawa: wai ita wasan talaka ce, ba ta da ƙofa balle mai gadi. Mai son ƙwallon ƙafa sai ya nemi ƙwallo da takalma da abokan wasa, mai son sukuwa sai ya mallaki doki da abin ciyar da shi, amma ɗan kokawa, in ji masu wannan magana, ƙarfinsa ne jarinsa. Ya ɗaura walki, ya shiga rairayi, shi ke nan. Maganar tana da daɗin ji, kuma akwai gaskiya a cikinta. Sai dai tana ɓoye wata tambaya da ta cancanci malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu su zauna a kanta. Ranar da aka miƙa wa gwarzo takobi aka kira shi sarkin ƴan kokawar Nijar, waɗanda ya kayar su ne waɗanda suka iso fage. To, waɗanda ba su iso ba fa, wa ya kayar da su?

Abin da ido ya saba da shi yakan daina ganinsa, don haka yana da amfani a fara leƙa wani wasa na nesa, wanda mafi yawan mutanen Malbaza ko Illela ba su taɓa gani ba sai a talabijin ko a wayar salula. Shi ne wasan harbin fenti, wanda Amurkawa ke kira fentbol. An fara yin sa a watan Yuni na 1981, a wani daji na jihar New Hampshire ta Amurka, inda mutum 12 suka shiga da wata ƴar bindiga da aka ƙera don ma'aikatan gandun daji da makiyaya su riƙa sa wa itatuwa da shanu alama daga nesa. Harsashinta ƙwallon fenti ne da bai wuce girman goruba ƙarama ba, yana fashewa a jikin wanda ya sama, ya bar masa tabo, alamar ya fita daga wasa. Wani abin sha'awa shi ne, wanda ya ci wasan farko, wani ma'aikacin gandun daji mai suna Ritchie White, bai yi harbi ko sau ɗaya ba. Sanin daji da iya saɗaɗawa suka ba shi nasara.

Da wasan ya zama gasa, sai ya baro daji ya koma fili mai ciyawa, aka jera wasu manyan balan-balan na fakewa, ƴan wasa biyar suna fuskantar biyar. A manyan gasanni, irin waɗanda ƙungiyar NXL take shiryawa tun 2015, har da babban taronta na ƙarshen shekara a Kissimmee ta jihar Florida, bindiga tana aman ƙwallo kusan 10 a daƙiƙa ɗaya, kowane yana gudun da ya kusa mita 90 a daƙiƙa. Ana sayar da fentin a kwali mai ƙwallo 2.000, kuma ɗan gasa yakan ƙarar da kwali guda ko fiye a yinin horo ɗaya. Bindigar gasa mai kyau takan haura dalar Amurka 1.000, wato sama da jika 500 na sefa, abin da ya kai albashin shekara guda na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi a Nijar, wanda aka mayar jika 42 a wata a 2024. Ba a sa kuɗin abin rufe fuska da tukunyar iska ba, balle kuɗin shiga gasa da na jirgi da masauki, da biza ga wanda ya fito daga Afirka. A wannan wasa, duk harbi kuɗi ne, kuma wanda ya fi iya ɓarnar fenti a wajen horo yakan fi iya saiti ranar gasa. Da Ritchie White zai dawo da dabararsa ta rashin harbi, da wuya ya wuce zagayen farko.

Mai karatu zai ce, ina ruwan biri da gada? Ruwansa shi ne, shingen wasan harbin fenti a fili yake, an rubuta farashinsa a jikin kwali. Idan saurayi mai saurin ƙafa da kaifin ido bai shiga gasar Florida ba, babu mai ce masa rago ko matsoraci, kowa ya san aljihu ne ya tsai da shi. Masu wasan da kansu sun daɗe suna kukan cewa tsada tana korar matasa. Shingen kokawa kuwa ba a rubuta shi a ko'ina ba, shi ya sa idan ya tare mutum, laifin yakan faɗa a kan wanda aka tare.

Masanin nan na Faransa, Roger Caillois, a littafin da ya wallafa a 1958 kan wasanni da mutane, ya nuna cewa kowace gasa tana ƙirƙiro daidaito na wucin gadi tsakanin masu karawa, don kada a yi jayayya a kan nasarar wanda ya ci. Shi ya sa ake auna fili, ake sa alƙali, ake musayar gefe bayan hutun rabin lokaci. A cikin da'irar buhunan rairayi, ɗan sarki da ɗan talaka ɗaya ne, wanda bayansa ya taɓa ƙasa ya faɗi. Wannan daidaito abu ne mai daraja, mai yiwuwa ma shi ne sirrin son da ƴan Nijar suke yi wa kokawa, domin wurare kaɗan ne a rayuwa ake yanke hukunci a gaban idon kowa ba tare da an tambayi ɗan wane ne ba. Amma daidaiton yana farawa ne daga bakin da'ira. Hanyar da ta kawo mutum bakin da'irar ba ta da alƙali.

Tun 1975, shekara ɗaya bayan hawan Seyni Kountché mulki, aka shirya gasar ƙasa ta farko a birnin Tawa, inda Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, ɗan Maraɗi, ya yi nasara. Daga nan gasar ta riƙa zagaya manyan biranen jihohi, ta fito da sunayen da yara ke kwaikwayo a dandali: Salma Ɗan Rani na Doso, Kadade na Tawa, Langa-Langa na Damagaram, har zuwa Kadri Abdu, wato Isaka Isaka, wanda ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas a ƙarshen 2023. Jihohi takwas ne ke karawa, kowace da ƴan kokawa 10, jimilla 80. Kafin mutum ya shiga cikin goman jihar Tawa, sai ya tsallake zaɓen ƙasa-ƙasa, daga ƙaramar hukuma zuwa gunduma, daga gunduma zuwa jiha. A takarda, tsani ne da kowa zai iya hawa.

A ɗauki misalin saurayi ɗan shekara 20 a wani ƙauye na Tajaye, ko Bazaga, ko Dogerawa, wanda ya gagari duk samarin karkararsu a kokawar kaka. Lokacin da ake buga gangar kokawa a ƙauye, bayan an ɗaure damman hatsi, shi ne kuma lokacin da maigida yake leƙa rumbu ya ƙiyasta ko abin da ke ciki zai kai su damina. In ba zai kai ba, kuma sau da yawa ba ya kaiwa, wanda za a tura bida shi ne mafi ƙarfin gidan. Adar ta yi suna da ci-rani tun kaka da kakanni, zuwa Sakkwato da Kano da Legas, zuwa Abijan, zuwa Libiya. Ƙarfin da ya sa saurayin ya zama abin tsoro a fage shi ne ya sa ba za a iya barinsa a gida ba. Ran da za a yi zaɓen gunduma, yana dakon kaya a wata kasuwa mai nisan kwana biyu a mota. Wanda bai fita ba kuwa, in ɗan kwarin Galmi ne ko ɗan fadamun da ke shan ruwan madatsun Mozage da Zango, yana tsakiyar dashen albasa da ban-ruwa, aikin da ba ya jiran kowa. Kwana goma a sansanin horo na iya zama asarar noman rani gaba ɗaya.

Sai batun ciki. Gasar takobi ba ta raba ƴan kokawa bisa nauyi, mai kilo 70 yana iya haɗuwa da mai kilo 110, saɓanin gasar kokawa ta ƙasashen Afirka ta Yamma da aka sha yi a Yamai da Dakar, inda kowa ke karawa da tsaransa a ma'auni. Masoya kokawa suna alfahari da wannan, kuma suna da hujja, don babu abin da ke tayar da fili tsaye kamar ƙaramin mai dabara ya ɗaga ƙato. Amma jikin da zai jure karawa kullum har kwana bakwai ko takwas nama da madara da hutu ne suke gina shi, watanni kafin gasa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda fura da tuwon dare ne abincinsa, kuma ya wuni yana jan ruwa a rijiya, yana da ƙarfin aiki, wanda ya sha bamban da ƙarfin ɗan wasan da ya yi wata uku babu abin da yake yi sai horo. Nan ne ubangida yake shigowa, wato attajiri ko ɗan siyasa ko basarake da zai ɗauki nauyin ɗan kokawa. Ba laifi ba ne a yi wa mai baiwa alheri. Sai dai idon ubangida yakan tsaya a kan wanda ya riga ya yi suna, ko wanda ke zaune kusa da kwalta, a Ƙonni ko Tsarnawa ko Badagishiri, inda ake ganinsa ranar kasuwa.

Akwai kuma kuɗin da ba a son ambata a bainar jama'a, wato na layu da rubutun sha da sauran shirin da ɗan kokawa yake ganin ba zai shiga fage babu shi ba. Ko mutum ya yarda da tasirinsu ko bai yarda ba, abu ɗaya tabbatacce ne: ana biyansu, kuma wanda ya shiga da'ira yana jin abokin karawarsa ya fi shi shiri, rabin ƙafarsa ta riga ta zame. A ƙara da kuɗin mota zuwa Tawa, da abin sallamar makaɗa, da takardar haihuwa ko katin ɗan ƙasa da za a nema a hannun wanda aka haifa a gida ba a rubuta shi ba. A gari irin Ƙonni, wanda tsakaninsa da Illela ta jihar Sakkwato ƴar tafiya ce kaɗan, kuma dangi suke warwatse a gefe biyu na iyaka, tambayar takarda ba ƙaramar tambaya ba ce. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙarami ne in an kwatanta da farashin bindigar fenti. In an tara su a kan wanda ba shi da jika biyar ta kansa, sun isa su zaunar da shi.

Duk da haka, kuskure ne a ce kowane shinge zalunci ne. Gasar da ba ta hana kowa komai ba ta zama rububi. Filin harbin fenti ba ya barin mutum ya shiga babu abin rufe fuska, domin ƙwallon yana iya fasa ido, kuma a Jamus sai wanda ya cika shekara 18 ake bari ya yi wasan. A kokawa, wanda aka kayar sau ɗaya ya fita daga neman takobi, komai sunansa. Waɗannan dokoki suna korar mutane, amma daga cikin wasan suka tsiro, suna kare lafiyar ɗan wasa ko ma'anar nasara. Hanyar rarrabewa ita ce a tambaya: in an cire wannan shinge, wasan zai lalace? In an cire dokar kaye ɗaya, takobi ya rage daraja. In an cire kuɗin mota daga Allela zuwa Tawa, kokawa ba ta rasa komai ba, sai ma ta ƙaru da ɗan wasa.

Akwai shingayen da wannan ma'auni ba ya yanke musu hukunci cikin sauƙi, kuma gara a faɗe su. Kujeru 10 ga kowace jiha doka ce ta haɗin kan ƙasa, tana sa Difa ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da Maraɗi. Amma ƙidayar 2012 ta nuna jihar Tawa tana da mutum sama da miliyan 3, Agadas kuwa ba ta kai rabin miliyan ba. Ke nan na 11 a Tawa, wanda ya koma gida hannu rabbana, mai yiwuwa ne ya fi na uku a wata jiha. Ba abin mamaki ba ne a ga ɗan kokawa ya bar jihar haihuwarsa ya sa rigar wata. Masu kallo kan kira wannan cin amana, alhali lissafi ne kawai na wanda ƙofar gidansu ta yi masa ƙunci. A nan adalci ga jihohi da adalci ga mutum ɗaya sun yi karo, kuma duk wanda aka zaɓa, ɗayan zai yi kuka.

Masu musu suna da hujjoji biyu masu nauyi. Ta farko: wasa wasa ne, ba abinci ba ne, ba magani ba ne, kuma a ƙasar da yara ke karatu a rumfar zana, kukan rashin shiga gasa kamar shagwaɓa ce. Game da harbin fenti, hujjar tana da ƙarfi. Kamfanoni ne ke shirya shi da kuɗinsu da na masu sha'awa, ba su yi wa kowa alkawarin cewa zakaransu shi ne gwanin al'umma ba. Takobi kuwa da sunan ƙasa ake bayar da shi, da kuɗin baitulmali ake shirya taronsa, gidan rediyo da talabijin na ƙasa suke watsa shi kai tsaye, kuma manyan hukumomi ke miƙa shi. Abin da ya ɗauki sunan kowa, kowa yana da haƙƙi a kansa. Ga saurayin karkara da bai yi lakwal ba, takobi da doki da kyaututtukan da ke biye da su suna cikin ƴan tsirarun hanyoyin da zai iya canza rayuwar gidansu da guminsa na halal.

Hujja ta biyu ta fi daɗin baki: wahala ai tana cikin jarrabawa, kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma manyan jiya da ƙafa suka riƙa zuwa fage. Gaskiya ne. Amma karin maganar tana nufin gudu ɗaya ne ga duk mai son zomon, ba ta ce wani ya taso daga bakin ramin, wani kuma daga bayan tsauni ba. Tarihin wasanni ya nuna yadda masu hali suke mayar da gatansu doka, su kira shi tsarkin wasa. A Ingila ta ƙarni na 19, dokokin tseren kwalekwale sun hana duk mai aikin hannu shiga gasar masu wasa don sha'awa, bisa cewa aikin ƙarfi yana ba shi fifikon da bai dace ba. A 1920 an ƙi karɓar Ba'amurke John Kelly, wanda ya taɓa aikin birkila, a gasar Henley, kuma a shekarar nan ya ci zinariya a wasannin Olamfik. Waɗanda suka ci Henley a zamanin wannan doka gwanaye ne, babu shakka, sai dai gwanayen waɗanda aka bari su shiga.

Buɗe ƙofa ranar ƙarshe ma ba ya wadatarwa, kuma Nijar ta ga misalin haka da idonta. A wasannin Olamfik na Landan a 2012, Hamadou Djibo Issaka ya wakilci ƙasar a tseren kwalekwale bisa gayyata ta musamman, bayan horon da bai wuce kimanin wata uku ba. Ya zo na ƙarshe da tazara mai yawa, ƴan kallo suka yi masa tafi saboda juriyarsa. Tafin ya cancanta, amma an ba shi kujera ne ba a ba shi shekarun da sauran suka yi suna shiri ba. Haka lamarin yake ga ɗan ƙauyen da aka ɗauko ana gobe zaɓe, aka haɗa shi da wanda ya yi wata uku a hannun ubangida, sa'an nan aka ce an ba kowa dama.

Sauran shingayen ba na kuɗi ba ne. Akwai gidajen da ɗansu ba ya kokawa, gidan malamai ko gidan sarauta, kamar yadda aka daɗe ana jingina dambe ga mahauta. Wasu malamai suna ƙyamar fagen saboda layu da kiɗa da tsiraici, wasu kuma suna tunatar da ruwayar kokawar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi da Rukana, su ce aibin yana ga abin da aka rataya wa wasan. Ɗan makaranta shi ma yana tsaka mai wuya, domin fage da aji sun daɗe suna yi wa juna kallon hadarin kaji, har ya zama kamar dole yaro ya zaɓi ɗaya. Mata kuwa, rabin al'umma ke nan, ba a ma kawo su cikin lissafi. Pierre de Coubertin, wanda ya farfaɗo da Olamfik, ya ƙi yarda da shigar mata har ƙarshen rayuwarsa, kuma kokawar mata ba ta shiga wasannin ba sai a 2004. A Kazamans ta Senegal, matan Jola sun gaji kokawa daga iyayensu, daga cikinsu Isabelle Sambou ta je Olamfik sau biyu. Ba lalle ne abin da ya dace da Kazamans ya dace da Adar ba, al'umma ce za ta yanke. Amma sai ta san cewa yankewa take yi, domin ƴan matan da ke surfe da ɗaukar tulu tun suna shekara goma ba rashin ƙarfi ne ya hana su ba.

Abin da ke hannun malamai da ƙungiyoyin al'adu na Ƙonni da Malbaza da Illela ba shi da yawa, amma yana daidai wurin da tsanin ya fi karyewa, wato matakin farko. Ana iya sanar da ranar zaɓen ƙaramar hukuma tun kafin a gama girbi, a rediyon karkara da bakin sanƙira ranar kasuwar Gidan Idar ko Badagishiri, don mai niyyar tafiya bida ya san ko zai jinkirta mako biyu. Kuɗin mota, in akwai shi, a ba da shi kafin tafiya, domin wanda ba shi da abin zuwa ba ya amfana da alkawarin za a mayar masa in ya iso. Malamin da ya san hanyar neman takardar haihuwa a kotu yana iya raka saurayi tun da sauran lokaci, kuma filin koleji yana ɗaukar da'irar rairayi kamar yadda yake ɗaukar ragar ƙwallo. Akwai kuma aikin da ya fi dacewa da masu alƙalami: kowace kaka, ƙungiya ta rubuta sunayen waɗanda suka gagara a ƙauyuka, bayan zaɓen gunduma ta duba nawa ne suka halarta, ta bi sauran gida-gida ta tambayi abin da ya tsai da su.